Darasin Kimiyya: Gashin Jimina, Gilashi da Lokaci a Wasan Burlesk

Ɗalibai, yau za mu ɗauki wani wasan dandali da ba namu ba, mu buɗe cikinsa, mu ga dalilin da ya sa minti huɗu ko biyar nasa ke cin watanni da kuɗi masu kauri kafin a kai ga nuna shi. Sunansa burlesk. Gidansa Turai da Amurka, kuma na manya ne, a gidajen wasa na dare ake yin sa. Yana haɗa rawa da barkwanci da kiɗa da ado mai ɗaukar ido, kuma a yawancinsa mai wasan tana cire kayan adon ɗaya bayan ɗaya a gaban 'yan kallo. Wannan ɓangaren ya saɓa wa tarbiyyarmu, ba kuma shi ya tara mu ba. Kayan aikin ne suka tara mu, domin kowannensu yana tafiya a kan wata doka ta haske ko ta motsi ko ta jikin ɗan Adam, kuma waɗannan dokoki su ke yanka farashi.

Tarihinsa a gurguje. A 1868 wata 'yar Ingila, Lydia Thompson, ta kai ƙungiyar wasanta Niyok, jama'a suka yi ta tururuwa, wasan ya kafu a Amurka. A 1937 hukumar birnin, a zamanin magajin gari Fiorello La Guardia, ta hana gidajensa lasisi, daga baya fim da talabijin suka ƙarasa janye masa 'yan kallo. Ya sake tasowa a shekarun 1990. Abin da ya shafe mu shi ne yawancin masu yin sa a yau zaman kansu suke yi. Mai wasa ita ke zaɓen kiɗa, ita ke tsara rawa, ita ke sayen kaya daga aljihunta, kuma sau da yawa ita ce telar kanta.

Mu fara da gashin tsuntsu. Kowa ya ɗauki gashin fiffiken tantabarar da ke gabansa. Ku duba, akwai kara a tsakiya, rassa suna fita daga gare shi hagu da dama. Ku ja rassan a hankali su rabu. Yanzu ku shafa wurin da yatsu biyu daga gindi zuwa sama. Ya koma ya haɗe kamar ba a taɓa shi ba. Da za mu sa shi a madubin ƙara girma, da mun ga kowane reshe yana da nasa ƙananan rassa, kuma a jikin wasunsu akwai 'yan ƙugiyoyi da ke kama na maƙwabci. Su ne ke mayar da gashin shafi guda mai tare iska, da shi tsuntsu ke tashi.

Jimina ba ta tashi, kuma gashinta ba shi da ƙugiyoyin nan. Kowane reshe zaman kansa yake, dogo, mai laushi, iska tana ratsa tsakaninsu. Idan aka kaɗa kara, rassan ba sa bin sa nan take, sai su ɗan yi jinkiri sannan su biyo, na gindi kafin na baki. Wannan jinkirin shi ido ke gani kamar igiyar ruwa, kuma shi ake saye da tsada. Ana yin na roba, amma nauyinsa da lanƙwasarsa ba sa ba da wannan tafiyar. Sally Rand ta yi suna a baje kolin duniya na Shikago a 1933 da manyan mafitai biyu na gashin jimina, kuma har yau rawar mafici tana cikin ginshiƙan wannan sana'a.

A nan muna da hannu a labarin. Tarihin Kano ya lissafa figini da takalmin gashin jimina cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da su sarauta. A ƙarni na 19 gashin jimina na cikin manyan hajojin da ayari ke ɗauka daga Kano da Damagaram, a ratsa Sahara zuwa Tarabulus, daga can ya haye Turai. A ɗaya gefen nahiyar kuma, manoman Afirka ta Kudu sun fara kiwon jimina a shekarun 1860, musamman a yankin Oudtshoorn, har ta kai a 1913 gashin jimina shi ne na huɗu a kayan da ƙasar ke fitarwa, bayan zinariya da daiman da ulu. Duk da haka suna ganin wani gashi mai cika da sheƙi da ke fitowa ta Tarabulus ya fi nasu. A 1911 gwamnatinsu ta turo tawaga ƙarƙashin Russell Thornton ta nemo tsuntsun da ke ba da shi. Tawagar ta iso Kano, Faransawa suka hana fitar da jimina daga yankin da suke riƙe da shi, amma duk da haka a 1912 ta koma gida da tsuntsaye sama da ɗari. Shekara biyu bayan nan kasuwar ta rushe. Yaƙin duniya ya ɓarke, yayi ya sauya, ga kuma motoci marasa rufi da hula mai dogon gashi ba ta zama a cikinsu. Har yanzu dai Oudtshoorn ce cibiyar wannan haja.

Me ya sa yake tsada? Mafi daraja shi ne farin gashin fiffiken namiji, wanda kan kai rabin mita ko fiye, kuma tsuntsu ɗaya kaɗan yake bayarwa. Idan an yanke, sai an jira watanni ya sake tsirowa. Sannan a tantance shi da hannu, a wanke, a fitar masa da launi, a rina. Sinadarin da ya gina shi keratin ne, dangin abin da ya gina farce da ƙaho da ulu, saboda haka da irin rinin ulu ake rina shi, kuma asun da ke cin ulu yana cin sa. Gashi ɗaya ba ya cika ido daga nesa, sai a ɗora biyu ko uku a kan juna a ɗinke, kafin a ɗaure a kan kowace sanda ta mafici. Ku ninka yawan sanduna da uku, ku sake ninkawa da biyu tun da mafitai biyu ne, za ku ga yadda adadin ke hawa. Bayan an saya kuma akwai raino: tururi don rassan su buɗe, akwati don kada kara ya karye, da tsaro daga damshi.

Riƙe maficin ma darasi ne. Ƙarfin murɗawa da hannu ke ji daidai yake da nauyi a ninka da nisansa daga gaɓar da ke riƙe da shi. Mu ɗauka mafici kilo ɗaya ne, wato kusan nuton 10, kuma tsakiyar nauyinsa na santimita 40, wato mita 0.4, daga wuyan hannu. Lissafi ya ba mu 10 sau 0.4, wato 4. Da nauyin na santimita 10 ne kawai daga wuyan hannu, da 1 za mu samu. Kilo ɗaya ne duka, amma wahalar ta ninka huɗu. Ga kuma iska: turjiyarta tana ƙaruwa da faɗin abu, tana kuma bin ninkin gudu da kansa, wanda ke nufin in an ninka sauri biyu, turjiya ta ninka huɗu. Shi ya sa rawar mafici ke tafiya a natse, kuma shi ya sa mai yin ta ke buƙatar kafaɗa da dantse masu horo.

Mu koma kan duwatsun ado. Kun san su, su ne telolinmu ke mannawa a rigunan amare da mayafai. Gilashi ne, masu arha kuma roba. Tambayar ita ce yadda aka yi gilashi ke ƙyalli kamar daiman.

Ku dubi cokalin da ke cikin kofin ruwan nan. Kun ga kamar ya karye a daidai saman ruwa. Bai karye ba, haske ne ya karkata. A sarari haske na gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa. In ya shiga wani abu sai gudunsa ya ragu, in kuma a karkace ya shiga sai hanyarsa ta lanƙwashe. Ana auna wannan da lamba guda, wato gudunsa a sarari a raba da gudunsa a cikin abin. Ta ruwa 1.33 ce, ta gilashin taga wajen 1.5, ta daiman 2.42. Ibn Sahl ya rubuta dokar wannan karkata a Bagadaza wajen shekarar 984, Ibn al-Haisam ya zurfafa binciken haske a Alƙahira a farkon ƙarni na 11, kafin Willebrord Snell na Holan ya sake gano dokar a 1621.

Lambar tana da amfani biyu a nan. Na farko, hasken da ke cikin dutse yana neman fita, in ya bugi bango a kusurwar da ta wuce wani ƙa'idajjen mizani, ba ya fita ko kaɗan, komawa ciki yake yi gaba ɗaya. A daiman mizanin kusan digiri 24 ne, a gilashi kusan 42. Ma'ana daiman ya fi iya tsare haske, ya juya shi a cikinsa, ya maido shi ta fuska zuwa idon mai kallo, gilashi kuwa yana barin mai yawa ya zurare ta baya. Na biyu, farin haske taron launuka ne, kuma kowane launi da irin karkatarsa, shuɗi ya fi ja lanƙwasa. Wannan ne ke raba su, ku ga walƙiyar bakan gizo.

Masu sana'a sun bi gilashi ta hanya uku don ya kamo daiman. A ƙarni na 18 wani maƙerin ado a Faris, Georg Friedrich Strass, ya yi suna da gilashi mai dalma a ciki, domin dalma na ɗaga lambar karkatar haske tana kuma ƙara rabuwar launuka, sannan ya lulluɓe bayan dutsen da ƙarfe mai sheƙi, ya zama ɗan madubi mai maido hasken da zai gudu. Hanya ta biyu yanka ce. Dole fuskokin dutse su zama shafaffu, gefunansu masu kaifi, kusurwoyinsu daidai. Daniel Swarovski, mutumin Bohemiya, ya yi rajistar injin yankan gilashi a 1892, ya kuma kafa masana'anta a Wattens ta ƙasar Ostiriya a 1895, inda ruwan tsaunuka ke ba shi ƙarfin juya inji. Dutsen roba a cikin mazubi ake zuba shi, gefunansa a dakushe suke, yana kuma saurin karcewa, shi ya sa daga layin 'yan kallo na goma yake zama kamar ya yi barci. Hanya ta uku ta zo a 1956, lokacin da kamfanin Swarovski tare da Christian Dior suka fito da wani shafe siriri ƙwarai a saman dutse. Haske na dawowa daga saman shafen da kuma ƙasansa, igiyoyin hasken biyu su haɗu, wasu launuka su ƙarfafa, wasu su kashe juna. Abin da ke faruwa ke nan in man inji ya zuba a kan ruwa. Tun 2012 kamfanin ya sauya zuwa gilashin da ba dalma, kuma wajen 2021 ya taƙaita sayar da duwatsunsa ga ɗaiɗaikun masu sana'a, abin da ya sa da yawa suka koma ga Preciosa na Jamhuriyar Cek ko ga duwatsun Sin da Koriya.

Yanzu ku fito da takarda, wannan lissafin shi ne zuciyar darasin. Dutsen da aka fi amfani da shi faɗinsa wajen milimita 4 ne. A fili mai santimita 10 tsawo da 10 faɗi, layi ɗaya zai ci dutse 25, layuka 25 kuma su ba mu 625. Mu ɗauka rigar ɗaure ƙugu tana da santimita 70 kewaye da 35 tsayi. Filinta santimita murabba'i 2,450 ne, wato irin wancan fili sau 24 da rabi. Duwatsu sun haura 15,300. In an jera su a saƙe, kowane layi ya shiga tsakanin na ƙasansa don kada yadi ya leƙo, adadin zai ƙaru da kusan kashi 15 cikin ɗari. Ana sayar da su a ƙunshi mai 1,440, saboda haka ƙunshi goma ba zai isa ba. Ga inda gizo ke saƙar: kowane dutse da hannu ake ɗaukarsa, a ɗiga gam, a zaunar da shi. In kowanne ya ci daƙiƙa 10, babu hutu, babu kuskure, aikin ya haura awa 42. Riga ɗaya ke nan, ba a taɓa safar hannu ba, ba takalmi, ba abin kai. Wasu gam ɗin masu ƙarfi suna fitar da tiriri mai cutar da huhu da kai, dole a yi aikin inda iska ke shiga. Wannan lissafin ne ke koya wa mai ƙaramin ƙarfi dabara: ta cika duwatsu masu kyau a wuya da ƙugu da gefuna inda fitila ke faɗawa, ta warwatsa masu arha a sauran wurare. A ganina wannan dabarar ilimi ce cikakkiya, ko da mai yin ta ba ta taɓa jin sunan Snell ba.

Dutse ba shi da hasken kansa, na fitila yake maidowa. Fitila mai tsini daga wuri guda ita ke sa shi walƙiya, haske mai bazuwa kuwa yana kashe shi. In an ninka nisan fitila biyu, hasken da ke isa jiki ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Jan yadi ja kawai yake maidowa, saboda haka a ƙarƙashin shuɗiyar fitila baƙi zai zama. Mai wasan da ba ta yi magana da mai fitila ba tana iya asarar aikin wata guda a daƙiƙa ɗaya.

Ita rigar ɗaure ƙugun, wadda teloli ke kira koset, gini ce. Ana yin ta da yadi mai tsauri da ba ya miƙewa, da sandunan ƙarfe sirara, wasu miƙaƙƙu, wasu murɗaɗɗu don su bi lanƙwasar jiki. Tana matse ƙananan haƙarƙari da ciki, numfashi ya koma saman ƙirji, iskar da ake shaƙa ta ragu a daidai lokacin da tsoka ke neman ƙari. Takalmi mai tsini kuma yana tura nauyin jiki zuwa gaban ƙafa. Wadda ta koyi rawa a rigar gida ba takalmi, in ta sa waɗannan sai ta tarar jikinta ya zama wani daban.

Maɗaurai su ma abin nazari ne. Ana so su riƙe gam lokacin juyi, su kuma saki da yatsu biyu, wani lokaci yatsun na cikin safa. Akwai zif, da maɓalli mai dannawa, da maganaɗisu, da Velcro wanda ƙararsa ke ratsa kiɗa mai sanyi. Mu ɗauka kaya na da maɗauri biyar, kowanne yana aiki daidai sau 95 cikin 100. Ku ninka 0.95 da kansa sau biyar, za ku samu wajen 0.77. Kusan wasa ɗaya cikin huɗu wani abu zai maƙale. In an gyara kowanne ya kai 99 cikin 100, amsar ta haura 0.95. Tsakanin waɗannan lambobi biyu babu komai sai warwara da sake ɗinki da sake gwaji.

Sai jiki. Kiɗa mai bugu 120 a minti, in ya yi minti huɗu, bugu 480 ke nan. Masu rawa takwas-takwas suke ƙirgawa, saboda haka ƙirga 60 ce, kowacce da abin da ƙafa da hannu da fuska za su yi a cikinta. Da farko gaban ƙwaƙwalwa ke jan ragama, mutum na tunanin kowane taku, shi ya sa sabon motsi ke fitowa a daddatse. Da maimaici sai aikin ya koma hannun ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya da wasu cibiyoyi na can ciki, motsin ya riƙa zuwa ba tunani. Bincike ya nuna atisaye kaɗan-kaɗan a kwanaki da yawa ya fi na dogon zama ɗaya kama jiki, kuma barci na taimakawa wajen zaunar da abin da aka koya. Kuɗi na iya sayen gashi da dutse yau-yau, amma ba ya gajarta wannan. Ga kuɗin hayar ɗakin atisaye mai madubi, ga na mai koyarwa, ga na wanda zai yanka kiɗa ya haɗa, ga na mai ɗaukar bidiyo, domin bukukuwan wasan da bidiyo ake neman shiga, sau da yawa har da kuɗin rajista.

Mu tara shi a lissafi ɗaya. Kuɗin da aka kashe kafin wasan farko, a raba shi da abin da ke saura a kowane dare bayan an cire mota da kwalliya da gyara, shi ne yawan wasannin da za a yi kafin uwar kuɗi ta dawo. Alƙaluman da zan ba ku na allo ne, don koyon hanya. Kaya da atisaye dala 1,500. Ladan dare dala 100, hidimar daren dala 40, saura 60. Amsa wasa 25. In sau biyu a wata ake samun gayyata, an haura shekara. A cikin shekarar nan duwatsu na zubewa, gumi na cin yadi, kara na karyewa, kuma 'yan kallon gari ɗaya ba sa son ganin abu ɗaya kullum. Ku lura kuma ba mu sa ko sisi a kan awa 42 na manna dutse ba, balle watannin atisaye. Wannan gurbi yana damuna, domin irinsa ne ke cikin lissafin mai ɗinkin hula da mai saƙa da mai aikin zare a babbar riga: ana ƙirga zare da yadi, a manta da ido da bayan da suka yi aikin.

Aikin gida kashi biyu ne. Ku koma kan lissafin ƙarshe, ku sa awa 150 na aikin hannu da atisaye, ku ba kowace awa dala 10, ku faɗa mini wasa nawa ake buƙata yanzu. Sannan kowa ya je wurin tela ko mai ɗinkin hula a unguwarsu, ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi kwana nawa aiki ɗaya ke ci da kuɗin kayan da ke shiga cikinsa, ya lissafa abin da ke zame masa ladan awa guda. Ku kawo ranar Litinin.